Rabin Ƙwayar da Babanku Ya Ba Ni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Rijiyar Zaki lafiya, ka tarar da kawunka Alhaji Sabo da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a masauki da wajen aiki, ya haɗa ka da abokan arziki. Ka gaishe mini da kawun naka, ka ce na gode da ya yarda ya koya maka aikin kemis a shagonsa.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, ba abin da ya sake tun tafiyarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san iyakar bokona aji shida ne. Da safen da za ka tafi na tsaya a zaure na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ƙara komai ba. Akwai maganar da uwa ba ta iya yi wa ɗanta namiji tana kallon idonsa, shi ya sa na sa ta a takarda.

Za ka tsaya bayan kanta, maza da mata su riƙa zuwa suna tambayarka magani. Ni na taɓa zama irin wadda za ta aiko gare ka. Unguwarmu kaf an san wannan, kai ma kana firamare lokacin, ka ga ƙarshen abin. Hanyar da aka bi aka kai can ce ba ka sani ba, kuma ita ce za ta yi maka amfani.

Babanku ya daɗe yana shan tiramol kafin in san ko sunanta. A wajen 'yan ƙwadago ya koya. Ka san gonakinmu, ƙanana ne manne da juna, in ruwa ya sauka kowa so yake ya gama noman fari kafin ciyawa ta fi ƙarfinsa, sannan ya je ya yi wa wani. Da safe sai su taru a bencin mai shayi, kowa ya kora tasa, su saɓa fartanya su wuce. Yakan dawo bayan la'asar ido jawur yana sosa hanci, tuwo ma sai ya ɗan taɓa ya ture. Idan kaka ta yi aka zuba hatsi a rumbu, sai ya ajiye ta. Ya yi 'yan kwanaki yana hamma da majina, yana faɗa a kan abin da bai kai ba, mu janye ku daga gabansa. Daga nan ya koma daidai, sai kuma wata daminar. Haka na gani shekara da shekaru, har na ɗauka abu ne da ake ɗauka a ajiye in an ga dama.

Ni nawa ya fara ne bayan rasuwar ƙanwarka Sadiya, wadda zazzaɓi ya ɗauke ba ta kai yaye ba. Tun haihuwarta bayana bai koma daidai ba. Amma na koma kan gyaɗata, in soya, a markaɗo a inji, in tsaya kan turmi ina juyawa har mai ya fito, in matse tunkuza in soya ƙuli-ƙuli. Wata rana Babanku ya shigo daga gona ya tarar na dafa bakin turmi na kasa miƙewa, hawaye yana ɗiga cikin markaɗen. Ya tsaya yana kallona, sannan ya sa hannu a aljihu ya ɓallo ƙwaya ɗaya daga kati, ya raba ta biyu da farce.

Ya ce, "Sha wannan, ba komai ba ne. Ni biyu nake sha in yi noma."

Tausayi ne ya sa shi, kada ka riƙe shi da wannan a ranka. Na sha, ciwon bayan ya lafa. Amma ba shi kaɗai ya lafa ba. Tun ranar da aka fita da Sadiya nake jin nauyi a ƙirjina kamar an ɗora mini dutsen niƙa, da shi nake kwana da shi nake tashi. Da yammacin nan na neme shi na rasa. Na ji kaina ina yi wa yayarka Zulai dariya. Na kwance ƙullin kayan jaririyar da na kasa taɓawa, na wanke na shanya, ko hawaye ban yi ba. Babanku ƙarfin noma yake nema a cikinta. Ni hutu na samu daga baƙin cikina.

Nan na fara kuskure, na auna kaina da shi. Na ce ga mutum yana shan ninkin nawa tun shekaru, duk kaka yana ajiyewa, ni da rabi kawai me zai same ni? Nura, za ka ji wannan lissafin a bakin mutane a shagon nan, kuma wata rana zai zo naka bakin, ka ce wa mace ai ɗan kaɗan ne, maza ma sun sha abin da ya fi haka. Kada ka faɗe shi. Abin da wani ya sha ya tsira ba ma'aunin kowa ba ne, balle a ɗauko na namiji a ɗora wa mace.

Kafin gero ya fitar da kai rabin ƙwayar ya zama guda. Kafin a yanke shi ta zama biyu, kuma ba na jiran bayan ya yi ciwo. Inda Babanku ya yi shekaru bai kai ba, na kai a damina ɗaya. Da aka gama girbi ya ajiye tasa, ya daina shigo da ita gida, na ce to ni ma na ajiye. Ban iya ba. Ƙafafuna suka ƙi zama wuri ɗaya, zufa tana karyo mini ina jin sanyi, cikina yana murɗawa. Duk wannan mai sauƙi ne. Nauyin ƙirjin ne ya dawo fiye da na da, har in riƙa jin kukan jariri a bayan danga, alhali ba jariri a gidan.

Akwai wata dillaliya da take shiga gidaje da atamfa da kwanuka. Ita ta dube ni ta gane. Ta ɗaga kayan ta nuna mini abin da yake ƙasan kwandon, ta ce ba ni kaɗai ba ce a layinmu. Kwanukan jerena suka riƙa bin ta ɗaya bayan ɗaya, ina ce wa Babanku aro aka zo.

Da na san abin da ɓoyon zai jawo, da na fita tsakar gida na faɗa da ƙarfi. Su maza a fili suke shan tasu, liman yana yi musu wa'azi, in ɗaya ya zarce abokansa su ce kai, rage. Mace a bayan labule take sha ita kaɗai, ba mai ce mata ya isa, don ranar da aka sani ba za a ce tana fama ba, cewa za a yi ta lalace. Saboda haka in mace ta zo shago tana magana ƙasa-ƙasa, ta ce aiko ta aka yi, ko na maigidanta ne, jibi ta dawo da wani dalilin, ka sani ba jiya ta fara ba. Kada ka sayar mata. Kada kuma ka tozarta ta a gaban mutane, in ka yi haka wajen dillaliya za ta koma. Ka rage murya kamar yadda ta rage, ka ce mata akwai asibitin da ake duba wannan, kuma ba ita ce ta farko ba.

Ka tuna Larai, matar Baffanka Idi, wadda sashensu yake jikin namu, ita take ajiye maka ƙanzo in ka taso makaranta. Yarinya ce a kaina, mai fara'a, in tana daka har waƙa take yi. Ta yi ɓari a jere, dangin miji suka fara magana, barci ya ƙaurace mata. Wata rana ta shigo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Yaya, ke yaya kika yi kika warware bayan Sadiya?" Na dube ta, duk ta zabge. Na ɗaga katifa na raba mata rabi, na ce ba komai ba ne. A lokacin na riga na san ƙarya ce. Ina jin so nake in daina zama ni kaɗai a cikin abin. Ita saurinta ya fi nawa, kafin azumi ta haɗa da maganin tari na kwalba. In tausayin wani ya kama ka, Nura, ka raka shi wajen likita, ka zauna da shi, ka saya masa abinci. Kada ka ba shi magani don kawai ka daina ganin fuskarsa a haka.

Damina ta zagayo. Wani abokin noman Babanku, Ɗanladi, ya faɗi a tsakiyar kunya suna maimai, yana jijjiga kumfa tana fita ta bakinsa. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibitin Zakirai rai ya yi halinsa. Babanku yana cikin waɗanda suka ɗauko shi. Ya dawo ya zauna a kan turmi, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. A satin ne kuma ya ɗaga katifata yana neman wani abu, ya ga ɓawon katin ƙwayar tari guda. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya ce tunda shi ya shigo da ita gidan, to mu fitar da ita tare.

Ya sha wuya, noman shekarar ma rabi ya yi. Amma ya san abin da zai guje wa. Ya daina zama a bencin mai shayi, ya canza hanyar gona, ya koma ƙofar masallaci wajen dattawa. Bayan wani lokaci ya ce mini ba ya tuna ta sai in ya hango mutanen nan a benci. Ni kuwa ba ni da bencin da zan ƙaurace wa. Inda nake sha nan nake kwana. Sai in yi makonni lafiya, har in ce na rabu da ita. Sai kwanakin nan su matso, waɗanda mace take gab da ajiye sallah. Ka gafarce ni da faɗar wannan, aikin da ka shiga ba ya son kunya. A kwanakin nan sai duniya ta yi mini baƙi, jikina ya riƙa kiranta kamar ƙishirwar azumi. Ko a yi suna a maƙwabta in ji guɗa, ko mu ɗan saɓa da Babanku kan abin miya. Sai in aika a kira dillaliya.

Ranar da Babanku ya sake kama ni ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni da na fi ki daɗewa a ciki na bari. Ke dai ba ki so ne."

Na yarda da shi, kuma yardar nan ta yi mini ɓarna ƙwarai. Na ce ashe zuciyata ce ba ta da kyau, tunda ga namiji ya yi rantsuwa ɗaya ya cika. Na daina roƙon Allah a kan abin don ina jin kunyar ɗaga hannu, na ƙara iya ɓoyo. Kada ka taɓa ɗaukar barin da wani ya yi ka doki wanda ya kasa da shi. Wanda ya kasa ya riga ka dukan kansa.

Abin da ya biyo baya kana makaranta aka yi shi. Jajiberin kasuwar Zakirai ne, da hantsi. Na yi kwanaki ban samu ba, da ta zo hannuna sai na haɗiye fiye da yadda na saba. Na ɗora kasko mai ya yi zafi, Zulai tana gefena a kan kujera 'yar tsugunno tana mulmula mini ƙuli ina sakawa. Abin da na tuna shi ne hasken rana ya yi fari fat. Na farka a kan tabarma na datse harshena, mata sun cika gidan. An ce faɗuwa na yi ina jijjiga irin ta Ɗanladi, ƙafata ta shuri kaskon. Ni a ƙwauri man ya same ni. Zulai kuwa ya kwarara mata daga kafaɗa har gwiwar hannu, ya taɓa gefen wuya. An ce ihunta har bakin rijiya an ji. Ni da na fi kowa kusa da ita ban ji ba.

Mata suka ce iska ce ta buge ni, aka kawo hayaƙi da rubutu, na bar su a haka. Aka kwantar da Zulai a wani asibiti a Kano, ni ce mai jinya da ƙafata a naɗe. Can ba dillaliya. Ba a daɗe ba jikina ya fara tona ni, hamma, rawar jiki, zirga-zirgar banɗaki. Wata nas ta lura, ta ja ni gefe, ta kai ni ofishin wata likita mace. Likitar ta sa aka kira Babanku daga waje.

Ta fara da shi. Ya ba ta labarin nasa, ya ƙare da cewa shi da rantsuwa ɗaya ya bari, ni ce na ƙi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce kada ya ɗauka nasa wasa ne, maza sun fi yawa a masu sha, kuma su ta fi kashewa. Amma abin da take gani, kuma masu bincike suna ganinsa, shi ne mace takan fara a makare da ɗan kaɗan, yawanci don ciwo ko baƙin ciki ko rashin barci, sai kuma ta riga namiji isa inda ba a iya bari. Ta ce akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da yake riƙe abin da ya yi wa mutum daɗi don ya sake nema. Shi ƙwayar take kamawa, kuma sinadaran jikin mace da suke hawa suna sauka kowane wata suna taɓa wannan sashen. Shi ya sa kwaɗayin yakan tashi a wasu kwanaki, kuma ɓacin rai ya fi saurin mayar da mace ciki, namiji kuwa sau da yawa abokai da wurin zama ne suke mayar da shi. Ta ce ba kowace mace ba ce haka, ba kuma kowane namiji ba, kuma da yake an daɗe maza aka fi dubawa a bincike, akwai da yawa da su kansu ba su gama sani ba.

Ta juyo ta tambaye ni wane lokaci abin ya fi kama ni. Na sunkuyar da kai, ga Babanku a zaune. Sai ta faɗi kwanakin da kanta, ta ce haka ne? Na gyaɗa kai, ban san sanda kuka ya ƙwace mini ba. Na ɗauka ni kaɗai ce a duniya da wannan hauka mai bin wata.

Ta dubi Babanku ta ce, "Malam, ƙwaya ɗaya kuka sha, amma ba ciwo ɗaya kuka yi ba. Kada ka ƙara auna ta da kanka."

Ya cire hula ya riƙe a hannu. Da muka fito muka tsaya a gindin wata darbejiya a harabar asibitin, ya ce, "Ni na ɓallo miki ita." Na ce ai ni na miƙa hannu. Daga ranar ba mu sake tayar da maganar ba.

Ba a raba ni da ita rana ɗaya ba. A hankali aka riƙa ragewa, aka ba ni wani magani na damuwa, aka sa in riƙa komawa. Na sake faɗawa, ba sau ɗaya ba. Amma Babanku ya canza. Ya tare dillaliya ya ce kada ƙafarta ta ƙara taka zaurenmu. Ya gane kwanakin nan ba tare da na faɗa masa ba, in sun zo sai ya ƙi fita, ya jawo buhun gyaɗa ya zauna kusa da ni yana ɓara. Mazan unguwa har tsokanarsa suke wai ya zama mijin-ta-ce, bai kula su ba.

Larai ba ta samu wannan ba. Na durƙusa gaban Baffanka Idi na roƙe shi ya kai ta wajen likitar. Ya ce ba zai kai matarsa asibitin mahaukata a yi masa dariya ba, in tana da hankali ta bari kamar yadda maza suke bari. Yana faɗar haka tasa ƙwayar tana aljihunsa. Da abin ya fito fili ya ba ta takardarta, aka tafi da ita ƙauyensu can wajen Shanono. Muka riƙa jin labari sama-sama, wai ana kulle ta a ɗaki, wai ta samu sauƙi, wai ta koma. Daga baya aka aiko ta kwanta barci ba ta tashi ba. Na je gaisuwa. Mahaifiyarta tsohuwa ce ba ta gani sosai, da aka gaya mata ko ni wace ce sai ta laluba ta kama hannuna, ta ce Larai tana yawan faɗata, wai ni kaɗai na riƙe ta da amana a gidan miji. Ta yi ta sa mini albarka. Na zauna na karɓa. Baffanka kuwa yana nan a benci har yau, ya bushe kamar kara, ana yabonsa da iya noma.

Zulai ta warke ta yi aure, ka san ba ta sa riga mai gajeren hannu. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba ko da wasa. Amma in ta zo gida ina suya, can bakin rumbu take shimfiɗa tabarmarta, ta jawo 'yarta jikinta. Ba na cewa ta matso.

Kawunka ya ce unguwar cike take da 'yan jami'a. Samarin za su zo maka a ƙungiya suna dariya, su kira ka aboki, waɗannan za ka gane su da wuri. 'Yanmatan ne za su wuce ka ba ka lura ba, da littafi a hannu da sallama mai kyau. Abin da aka ce sai da takardar likita, ka tsaya a kan takardar ko wa ya zo. Kai ma kanka, tsayuwar shago tana da gajiya, kuma abin yana kusa da hannunka. Kada ka ce kai namiji ne irin Babanku, za ka iya ajiyewa. Ɗanladi ma namiji ne. In Allah ya ba ka mata, ta ce wani abu yana damunta, ka saurare ta har ta gama kafin ka tuna yadda kai kake ji.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ranar da kawunka ya bugo waya ya ce ka taho, na yi hamdala a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo. Da na koma ɗaki na zauna sai na tambayi kaina me ya sa murnar ta yi yawa haka. Wani ɓangarenta na uwa ne da ɗanta ya samu sana'a. Amma akwai wata murya a ciki da ta ce mini, yanzu kina da ɗa a kemis. Shekarun nan duka ban sha ba, Nura, kuma muryar ta fito tas kamar jiya muka rabu.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka. In za ka zo gida da sallah ka zo da sabulu, ka zo da burodi, kada ka sako magani a jakarka ko na ciwon kai ne. In ina ciwo Babanku zai kai ni asibiti. Kuma in wata rana na kira ka a waya na ce bayana ya tashi, ka aiko mini da abu kaza, kada ka aiko. Zan iya yi maka kuka. Zan iya tuna maka nonon da ka sha, in ce ba ka da albarka, in ce ban yafe ba. Na san bakina in abin ya motsa. Duk abin da na faɗa a ranar na janye shi tun yau, ina cikin hankalina, Allah ne shaida. Ka kashe wayar, ka kira Babanku ka ce masa ya koma gida.

Na karanta wa Babanku wannan takarda kafin in naɗe ta, ya ce kada in cire komai, kuma yana gaishe ka. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka girmama kawunka. Allah ya yi maka albarka, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya jiƙan Sadiya da Larai. Allah ya tsare ka daga duk wanda zai zo maka da roƙon abin da zai cuce shi, har da ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Inna